Tallan da Yaya Ya Saki

Litinin, da safe

Auta,

Ina kwana, ya aiki, ya maigidan naki da yara? Ina fata ƙaramar ta daina tarin nan.

Ba zan ja ki da nisa ba. Tun ranar Juma'a na aika saƙo zauren imel na ƙungiyarmu, har yau bai fito ba. Saƙon wanda sabarsa, wato babbar kwamfutar ofishinsu, ta ƙi tashi ya fito. Na wanda ke son raba wa ofis biyu intanet ɗaya ya fito. Har na mutumin nan da ke gode wa kowa bayan kowace amsa ya fito. Nawa ne kawai ya maƙale. Tunda ke ce mai kula da zauren yanzu, na san yana gabanki a layin jira, kin tsare shi da ido kamar zai tsere.

Tallan aiki ne, na sani. Wani kamfani ne ke neman mutum ashirin masu amsa kiran waya da tallata kaya. Ba aikin sabar ba ne, ba na hanyoyin sadarwa ba, wannan ma na sani, ba sai kin karanto mini ƙa'ida ba. Amma zauren nan mutum dubu ɗaya da ɗari huɗu ne, saƙo ɗaya kuma yana faɗawa akwatin kowa. Ba za a rasa mai ƙane ko ƙanwa da ke zaune a gida ba. Wanda ba ya so ya goge, ko minti ɗaya ba zai ci masa ba.

Ki taimaka ki sake shi yau, ƙarshen wata za a rufe ɗaukar. Kada ki kira ni, taro ya yi mini yawa kwanakin nan, ki rubuto kawai.

Ki gaida mutanen gidan.

Yayanki

*

Talata

Yaya,

Barka da yini, ya Anti da su Babba? Tarin ya yi sauƙi, mun gode.

Na ga saƙonka tun Juma'ar, na karanta shi ya fi sau biyar ina neman ta inda zan bi da shi, ban samu ba. Ka ce kada in karanto maka ƙa'ida, to ka yi haƙuri, sai na karanto, don ita kaɗai nake riƙe da ita. Ƙa'ida ta huɗu ta ce ana karɓar tallan aiki idan aikin na sana'armu ne, idan an sa kalmar AIKI a kan saƙon, kuma idan an faɗi sunan kamfanin da zai ɗauki mutum, ba sunan dillali ba. Naka ya cika ɗaya, ya faɗi a biyu. Aikin ba namu ba ne, sunan da ke ƙasa kuma na wani kamfanin nemo ma'aikata ne.

Kuma kai ka rubuta ta. Ina zaune a ofishin Malaminmu, mai kula da zauren a lokacin, ranar, shekara biyu da suka wuce, kana tsaye gaban farin allo da makar da ta kusa bushewa. Lokacin rabin saƙonnin zauren talla ne, mutanen kirki suna ta fita, wani dillali kuma ya karɓi takardun yaranmu tara ya ɓace. Kai ne ka dage a sa maganar sunan kamfani, har ka buga tebur shayin Malam ya zube.

Sai kuma maganar Alƙali. Ka san shi, ba a banza aka laƙaba masa sunan ba, babu abin da zai wuce a zauren bai yanke hukunci a kai ba. Watan jiya ya aiko tallan neman mai tsaron kanta a kantin maganin matarsa, na mayar masa. Ya ji haushi sosai, amma ya ce ya yarda, muddin haka za a yi wa kowa. Na ce masa haka za a yi wa kowa. In na saki naka yau, da wane ido zan kalle shi?

Ga abin da zan iya. Ka ba ni izini in tura shi ga mutanen da na sani da kaina, ta lambata, ba ta zauren ba. Zan kai mutum talatin.

Amma Yaya, me ya haɗa ka da tallan masu amsa waya? Wa ya roƙe ka? In wani aboki ne ya ɗora maka, ka ce masa ƙanwarka ce ta hana, ya zage ni, ba komai.

Ka gaida Anti. Ka ce mata na ga saƙonta, zan kawo mata injin markaɗen ranar Asabar.

Ƙanwarka

*

Talata, da yamma

Auta,

Na ga amsarki. Sannu da ƙoƙari.

Ban tambaye ki tarihi ba, na san wanda ya riƙe makar. Na kuma san wanda ya zaunar da ke gaban kwamfuta karo na farko, lokacin da kike danna madanni da yatsa ɗaya kina kuka wai ta ci aikinki. Na san wanda ya kai sunanki gaban Malam aka ba ki kula da zauren, alhali akwai waɗanda suka girme ki a sana'ar da shekara goma. Ban taɓa neman komai a wajenki ba. Yau na nemi ki danna abu ɗaya, kin aiko mini da lacca.

Mutum talatin ɗinki ki riƙe abinki. Abin da ya haɗa ni da tallan kuma ba aikin mai kula da zaure ba ne, babu shi a ƙa'ida ta huɗu.

Ki bar shi. Na gode.

Yayanki

*

Alhamis

Malam, ranka ya daɗe,

Ina gaisuwa da fatan idon ya ƙara sauƙi. Na san likita ya hana ka daɗewa gaban allo, shi ya sa tun da ka miƙa mini zauren ban taɓa kawo maka ƙara ba. Yau dole ce ta sa.

Ranar Juma'a Yaya ya aiko tallan aikin da ba na sana'armu ba, na riƙe shi, na rubuta masa dalili, ya yi fushi. Jiya Laraba ina cikin ɗakin sabar na wajen aikinmu, na durƙusa bayan ma'ajin na'urorin ina bin wata waya da aka ɗaure a karkace, sai wayata ta fara kaɗawa a aljihu ba ƙaƙƙautawa. Da na fito na duba, ga abin da na tarar. Tallan ya fita, ya shiga akwatin kowa. Wallahi Malam ba ni na sake shi ba.

Na zauna a nan ƙasa cikin sanyin ɗakin na buɗe rijistar shiga ta sabar zauren. An shiga da tsohon asusun mai kula na biyu, ƙarfe sha ɗaya da minti bakwai na safe, an saki saƙo ɗaya, an fita. Asusun Yaya ne, na lokacin da yake taya ka. Ashe ba a taɓa rufe shi ba, ni kuma ban taɓa dubawa ba. Na rufe shi nan take, na canja duk kalmomin sirri.

Zauren ya kama da wuta. Zuwa yanzu saƙo sittin da huɗu. Alƙali ne ya fara. Ya liƙa amsar da na ba shi watan jiya, inda na ce haka za a yi wa kowa, ya rubuta layi ɗaya a ƙasa: "Kowa, ban da 'yan gida ɗaya." Wasu sun ce a ƙyale, talla ɗaya ne. Wasu sun ce dama sun san za a rina tun da aka ba yarinya zaure. Mutum goma sha ɗaya sun fita, cikinsu har da baiwar Allah nan da ke amsa tambayoyin tsaron sabar, wadda rabin zauren ke koyo a wajenta. Dillalai biyu kuma har sun aiko nasu tallan, ɗaya ya ce tunda ƙofa ta buɗe. Alƙali ya ba ni zuwa Litinin in bayyana yadda saƙon ya fita, in ba haka ba, zai nemi a kaɗa ƙuri'ar cire ni.

Cire ni ba shi ne damuwata ba. Ƙa'ida ta bakwai ce. Ta ce wanda ya zagaye masu kula ya saki saƙo, a dakatar da shi wata uku, a sanar a zaure da sunansa. Malam, duk wanda zai iya ɗaukar Yaya aiki a sana'ar nan yana cikin zauren. In na rubuta cewa ya shiga sabar da asusun da ba nasa ba ne yanzu, wa zai sake ba shi makullin ɗakin sabar? In kuma na yi shiru, sun ɗauka ni na saki, ƙa'idar ta mutu.

Na kira shi sau bakwai, bai ɗauka ba. Ban ce komai a zauren ba tukuna. Ka ba ni shawara.

Ɗalibarka

*

Juma'a

'Yata,

Bayan gaisuwa mai yawa, na karɓi wasiƙarki, na ƙara girman rubutun har kalma uku ke cika layi, na karanta ta a hankali har ƙarshe. Ido da sauƙi, na gode da tambaya.

Abu na farko, laifin asusun nan nawa ne. Ranar da yayanki ya ce aiki ya yi masa yawa zai ajiye kula da zaure, ni ya kamata in rufe shi, na ce sai gobe, goben ta zama shekara biyu. Saboda haka akwai hanyar da zan nuna miki, kuma zan faɗa miki gaskiya cewa ba ni da cikakkiyar natsuwa da ita. Kina iya rubuta cewa saƙon ya fita ne ta wani tsohon asusun masu kula da aka manta ba a rufe ba, an rufe shi yanzu, masu kula suna ba da haƙuri. Babu kalmar ƙarya ko ɗaya a ciki. In kina so ni zan sa hannu, ba wanda zai tsananta wa tsoho mai ciwon ido tambaya, har shi Alƙalin. Yayanki ya tsira da sunansa, ke ki tsira da kujerarki.

Abin da ya hana ni natsuwa shi ne, mutanen zauren nan aikinsu karanta rijista ne. Wata rana wani zai tambaya, asusun waye? Ranar kuma ba ni za a kalla ba.

Abu na biyu. Ku biyun ni na koyar, na san halinsa kafin in san naki. Mutum ne mai zafin kai, amma a shekara goma sha biyar ban taɓa ganin ya taɓa abin da ba a ba shi ba. Ko kebul ya ara sai ya dawo da shi a naɗe. Mutum irin wannan ba ya shiga ta taga saboda tallan aboki. Kafin ki rubuta komai a zaure, ki nemo abin da ke cin sa. Tunda ba ya ɗaukar waya, ki taka da ƙafarki.

Hukuncin naki ne, ba zan karɓe shi daga hannunki ba. Duk wanda kika ɗauka, sunana yana bayanki.

Allah ya yi miki jagora. Ki gaida maigida.

Malaminki

*

Juma'a, bayan la'asar

Yaya,

Ina yini.

Na je ofishinku yau. Na hau hawa na uku, na wuce teburin karɓar baƙi kamar yadda na saba, na nufi kusurwar taga inda kake zama. Wani ne a kujerar, da hoton 'ya'yansa a jikin allon. Matar da ke karɓar baƙi ta biyo ni, ta gane ni, ta ja ni gefe kusa da na'urar ruwan sha. Ta ce tun watan da aka mayar da sabar kamfanin hannun wasu na waje aka sallami sashenku gaba ɗaya. Na tambaye ta yaushe. Ta ce wata bakwai ke nan, ta ɗauka na sani.

Na sauko na zauna a mota na fi rabin awa ban tayar ba. Wata bakwai, Yaya. Sau nawa muka haɗu a gidan Mama cikin watannin nan, kana ba mu labarin shugaban sashenku da taronsa marar ƙarewa, muna dariya?

Na san kai ka saki saƙon, rijista ta nuna. Na rufe asusun. Ranar Litinin dole in yi wa zaure bayani, kuma ban yanke abin da zan ce ba. Malam ya nuna mini hanyar da sunanka ba zai fito ba. Ba na so in yanke komai kafin in ji daga bakinka.

Ban faɗa wa Mama ba, ban faɗa wa Anti ba, ban ma san abin da suka sani ba. Gobe zan kai wa Anti injin markaɗe, zan ajiye in fito, ba zan ce uffan ba. Amma ka rubuto mini kafin Lahadi ta ƙare. Ko zagi ne ka rubuto.

Ƙanwarka

*

Lahadi

Auta,

Barka da hutawa. Na ga injin, Antinki ta gode, ta ce kin ƙi zama ko ruwa ba ki sha ba.

Ita ta sani tun ranar farko, ba na ɓoye mata komai. Mama ce ba ta sani ba, sai ke. Mama saboda hawan jininta. Ke kuma ban san dalili ba. Wataƙila don ni na koya miki sana'ar, ga ki kina ciki, ni an fito da ni da kwali ɗaya a hannu.

Wata huɗu na farko na nemi aikinmu. Duk tallan da kika saki mai AIKI a kai, ni ne nake fara aika takarda. An kira ni ganawa sau shida. A biyu an ce na fi ƙarfin albashin. A ɗaya wanda ya zauna yana yi mini tambayoyi ɗalibina ne, ya kasa haɗa ido da ni, ni ma na taimake shi na kalli tebur. Daga ƙarshe wani kamfanin nemo ma'aikata ya ɗauke ni gwaji. Eh, dillalai, irin waɗanda na buga tebur a kansu. Amma waɗannan na bincika kafin in shiga, ofishinsu na gaskiya ne, ba sa karɓar komai daga mai neman aiki. Ɗaki ne ɗaya dogo a saman wani shagon taya, mu takwas, kowa da teburinsa da waya, fanka ɗaya mai ƙara. Gwajin wata uku ne. Shugabar ta ce in ban cike guraben nan ashirin ba zuwa ƙarshen wata, ba sai ta yi mini bayani ba. Ranar da na fara rubuto miki ina da mutum huɗu.

Ranar Laraba da safe ta tsaya a kaina ta tambayi lissafi a gaban kowa. Da ta wuce na buɗe shafin masu kula, ina cewa a raina ai an daɗe da rufe asusun, in gwada kawai in huta. Sai ya buɗe. Na ga saƙona a layin jira shi kaɗai. Na daɗe ina kallonsa, hannuna a kan linzamin kwamfutar. Ba zan ce miki kuskure ne ba, na san abin da nake yi.

Wannan laifi ne, na shiga inda ba a ba ni izini ba, na kuma bar ki da zagin. Na karanta duk abin da aka rubuta a kanki, layin Alƙali har yanzu yana ci mini rai. Ki yafe mini wannan.

Amma tallan kansa ba zan ba da haƙuri a kai ba, ga dalili. Saƙo nawa aka yi ta zagi a zaure, saba'in? To ni a akwatina, a ɓoye, mutum arba'in da uku suka rubuto. Na ɗauka don ƙannensu za su nema. Talatin da ɗaya don kansu ne. Injiniyoyi, Auta, 'yan zauren nan, wasu kina amfani da amsoshinsu kullum. Akwai wanda ya shekara goma sha biyu yana riƙe da hanyar sadarwar wani babban wuri, ya tambaye ni ko za a ɗauki mai shekara arba'in da shida ya amsa waya. Kusan kowa ya rufe da magana ɗaya, don Allah kada kowa a zaure ya ji. Biyu daga cikinsu sun zage ni a zaure da safe, suka aiko mini takardunsu da rana. Kada ki tambaye ni su waye, ba zan faɗa ba.

Ranar da na rubuta ƙa'idar nan, duk wanda ke ɗakin Malam yana da albashi. Shi ya sa ta yi mana kyau.

Game da Litinin, ba zan roƙe ki ki bi hanyar Malam ba, ba zan kuma ce kada ki bi ba. Ina da ganawa guda ranar sha biyu ga wata, aikinmu ne na gaske, wanda zai gana da ni yana cikin zauren. Na faɗa miki ne don ki san komai, ba don in ɗaure miki hannu ba.

Ki gaida yara.

Yayanki

*

Talata

Malam, ranka ya daɗe,

Ina gaisuwa, ya ƙarfin jiki? Na san ba ka buɗe zauren ba, ga abin da ya faru.

Na taka da ƙafata kamar yadda ka ce. An sallami Yaya wata bakwai da suka wuce, yanzu yana gwaji a kamfanin nemo ma'aikata, tallan nan shi ne zai riƙe masa gurbin. Ya amsa laifinsa, bai yi kame-kame ba.

Jiya da safe na rubuta wasiƙar da ka nuna mini, ta tsohon asusu, na kammala ta, na ajiye ta a buɗe har azahar. Maigidana ya karanta ya ce ai babu ƙarya. Na ce masa na sani. Amma duk lokacin da na kai hannu zan aika, sai in tuna watan gobe wani zai aiko talla in mayar masa in ce haka ake yi wa kowa. Na goge ta.

Abin da na aika gajere ne. Na ce na riƙe tallan bisa ƙa'ida, marubucinsa ya sake shi da tsohon asusunsa na mai kula, wanda sakacinmu ya bari a buɗe. Na ce yayana ne uwa ɗaya uba ɗaya, ya amsa, an dakatar da shi wata uku. Na liƙa layukan rijistar. Ban faɗi halin da yake ciki ba, wannan nasa ne. Sai na ƙara abu biyu. Na ce na samu tabbacin mutum sama da arba'in a cikinmu sun nemi aikin nan a ɓoye, yawancinsu don kansu, saboda haka ina neman a buɗe zaure na biyu, na kowane irin aiki na halal, mai so ya shiga, babban zauren ya zauna da ƙa'idarsa. Na kuma ce duk wanda ke ganin in sauka ya faɗa, zan sauka.

Da na aika, na shiga banɗakin ofis na wanke fuska na daɗe ban fito ba.

Zauren ya yi tsit kusan awa biyu, abin da ban taɓa gani ba ranar Litinin. Alƙali ne ya fara magana. Ya ce ya janye maganar ƙuri'ar cirewa, amma adadin nan na arba'in bai yarda da shi ba sai ya ga hujja. Na ce ba zai gani ba. Maganar zaure na biyu kuwa, zuwa yau ɗari da goma sha tara sun goyi baya, ashirin da shida sun ƙi, za a rufe ƙuri'a Juma'a. Baiwar Allah ta tsaron sabar ba ta dawo ba, na rubuta mata ba ta amsa ba.

Abin da ya hana ni sukuni shi ne Yaya yana da ganawar aiki ranar sha biyu, kuma mai ganawa da shi ya karanta saƙona, na gani yana cikin waɗanda suka kaɗa ƙuri'a. Yaya ya faɗa mini wannan kafin in aika, na aika duk da haka. Na tura masa kwafin saƙon, bai amsa ba. Anti ta ɗauki wayata jiya, ta gaishe ni a taƙaice ta ce tana girki.

Malam, ban sani ba ko na yi daidai. In kana da hanyar yi wa mutumin magana ba tare da ka zubar wa Yaya girma ba, ka duba. In babu, ka sa mu a addu'a.

Ɗalibarka

*

Ranar sha uku ga wata

Auta,

Ina kwana.

Na je ganawar jiya. Tambayar farko da ya yi mini ita ce ta asusun. Na faɗa masa yadda aka yi, ban rage ba. Ya rubuta wani abu, ya ce za su neme ni. Ban sani ba ko za su neme ni. Guraben ashirin kuma na cike sha huɗu, shugabar ta ƙara mini wata ɗaya.

Na faɗa wa Mama. Ta yi faɗa, rabi a kaina, rabi a kanki, ta ce mu zo tare ranar Asabar. Zan zo. Amma ki sani ban gama hucewa ba, kada ki matsa mini da magana a gabanta.

Na ji an buɗe sabon zauren. Mutum shida sun roƙe ni in tambaye ki, tunda su ba za su iya ba: in mutum ya shiga, sauran za su ga sunansa a jerin? In za a gani, ba za su shiga ba. Ki duba saitin yau, ki ɓoye jerin sunayen, ki sanar.

In kin ɓoye, ki gaya mini ko dakatarwar da aka yi mini ta shafi sabon zauren ma.

Yayanki